Amsa ga uwar da ɗanta ke tauna wuyan riga da fensir

'Yar'uwa, kin ce ɗanki mai shekara 5 yana tauna wuyan rigarsa da fensir har da wayar caja, kuma kina tsoron kada robar taunawa, wato wadda ake ƙera wa yara musamman domin su riƙa taunawa, ta ƙara masa ɗabi'ar. Ɗana yana da larurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, mun kuwa daɗe muna amfani da wannan robar.

Ba ƙiriniya ce ke sa irin waɗannan yara tauna ba. Matsewar muƙamuƙi tana kwantar musu da jiki idan hayaniya ta yi musu yawa, shi ya sa nawa ya fi yi a cikin danfo, bas ɗin haya ta Legas, idan cunkoso ya tsananta, ko da zarar maƙwabta sun tayar da janareta. Duka da tsawa ba su kawar da buƙatar, sai dai yaron ya koma yi a ɓoye da abin da ya fi haɗari, don haka a ganina gara a ba shi abin da aka ƙera domin wannan.

Amma kafin ki saya, ki lura ko taunawa kawai yake yi ko yana haɗiyewa. Idan yana cin ƙasa, alli ko ɓawon fenti, wannan maganar likita ce, domin ƙarancin sinadarin ayon a jini yana iya haddasa hakan. Tunda kina Agege, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja ba shi da nisa, kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba yana da sashen yara a Oshodi. Ki nemi a haɗa ki da mai horar da yara ayyukan yau da kullum, shi zai zaɓa masa roba mai taurin da ya dace.

Ki nemi ta silikon mai ingancin abinci, ko kuma samfurin ARK ko Chewy Tubes, ba robar jarirai masu haƙori ba, wadda turamen ɗan shekara 5 za su gutsure. Mai cizon fensir ya fi son doguwa da ke kaiwa ga turame. Idan ta ratayawa a wuya ce, lallai igiyar ta zama mai ɓallewa da kanta in an fizge ta, kuma kada ya kwana da ita. Ki wanke ta da sabulu kullum, ki jefar da zarar ta fara tsagewa.

Karas, kilishi, da shan kunu mai kauri ta tsinken roba kafin tafiya makaranta su ma suna rage masa buƙatar taunawa. Ki kuma yi wa malamarsa bayani tun da wuri, don kada a ƙwace robar a aji.