Gaɓar tekun Nuki ko kogin Amazon: wanne ya dace da kwana 5?

Malam, ka ce kwana 5 kacal gare ka a Kolombiya, kuma kana waswasi tsakanin garin Nuki da ke gaɓar tekun Fasifik da Letisiya da ke bakin kogin Amazon. A ganina, watan da za ka je shi ne zai raba gardama.

Dukkan garuruwan biyu babu titin mota da ya haɗa su da sauran ƙasar. Zuwa Nuki galibi da ƙaramin jirgin sama ne daga birnin Medelin, kuma da yake yankin Choko, inda Nuki yake, yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a duniya, ba abin mamaki ba ne a ɗage tashin jirgi, mutum ya wuni zaune a kan jakarsa yana duban hadari. Mai kwana 5 kuwa, asarar yini guda ba ƙaramin giɓi ba ce. Amma daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da manyan kifayen wel ke zuwa haihuwa kusa da gaɓa, wahalar tana biyan kanta.

In ba a wannan lokacin ba, Letisiya nake ba ka shawara. Babban jirgi yana kai mutum daga Bogota cikin kimanin awa 2, sannan kwalekwale mai inji ya haura da kai Fuwato Narinyo, garin da ba a hawa mota a cikinsa, inda ake ganin dolfin, dabbobin ruwa masu kama da manyan kifaye, masu launin hoda a tafkin Tarafoto. Ka yi allurar rigakafin cutar shawara aƙalla kwana 10 kafin tafiya, ka kuma riƙi takalmin roba mai tsawo saboda taɓo.