Hali ne ke sa mutum laifi, ko inda ya tashi?

Tambaya: Malam, wa da ƙani sun tashi gida ɗaya, talauci ɗaya. Ɗaya ya zama ɓarawo, ɗayan ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Ashe ba hali ba ne kawai? Don me masana ke ɗora wa al'umma laifi?

Amsa: Ɗan'uwa, misalinka ya isa ya rusa zancen masu cewa talauci kaɗai ke haifar da sata, domin akasarin talakawa ba sa sata. A 1972 Marvin Wolfgang, masanin nazarin aikata laifuffuka, da abokan aikinsa sun fitar da binciken yara maza kusan 10,000 na birnin Filadelfiya a Amurka, inda suka ga kashi 6 cikin 100 ne kawai suka aikata fiye da rabin laifuffukan da aka rubuta. Mutum yana da zaɓi, kuma alhakin abin da ya aikata yana wuyansa.

Sai dai hali kaɗai bai isa bayani ba. Masana Clifford Shaw da Henry McKay sun nuna a 1942 cewa wasu unguwannin birnin Shikago a Amurka, na kusa da masana'antu, sun yi shekaru da dama suna kan gaba wajen laifin matasa, alhali mazauna sun sauya: Jamusawa da 'yan Ailan sun tashi, Italiyawa da 'yan Folan sun shigo, laifi yana nan daram. Waɗanda suka koma unguwanni masu kwanciyar hankali kuwa, laifin 'ya'yansu ya ragu. Dalilin a fili yake. Unguwa ce ta 'yan haya, kowa na jiran ranar tashi, maƙwabci bai san sunan ɗan maƙwabcinsa ba, balle ya tsawata masa. A irin wannan wuri yaro kan haɗu da mai koya masa sata kafin ya haɗu da mai koya masa sana'a. Wannan ne abin da ya fi damuna, domin babu yaron da ya zaɓi inda za a haife shi.

Ko zaɓin kansa yana bin sarari. A 1980 Jamus ta Yamma ta fara cin tarar duk wanda ya hau babur ba hular kwano, kuma cikin shekaru shida satar babura ta ragu da fiye da rabi. Wanda ya ga babur a gefen titi ya yi sha'awar ɗauka, ai ba da hula yake yawo ba, in ya hau kai tsirara ɗan sanda zai tare shi. Masu bincike sun duba ko ɓarayin sun koma kan motoci da kekuna, suka tarar ƙarin da aka samu can bai kai ko kusa da ragin ba.