Amsar Malam kan gwajin anti-CCP da ciwon daji

Assalamu alaikum, jama'ar dakin gwaje-gwaje. Ƙanwata daga Gusau ta tambaya: wata mai ciwon gaɓɓai an yi mata anti-CCP ya fito da yawa, wai ko alamar daji ce? A'a, ba gwajin daji ba ne, gwajin jini ne na neman amosanin gaɓɓai, kada a tayar wa baiwar Allah da hankali.

Ga yadda abin yake. Idan gaɓa ta kumbura, ƙwayoyin jini farare suna mutuwa a wurin, kalsiyam ya kwarara cikinsu, ya tayar da wani enzayim mai suna PAD. Shi kuma sai ya kama arginin, ɗaya daga cikin tubalan da ke gina furotin irin su fibrin da kolajin, ya mayar da shi wani tubali mai suna sitrulin. Nauyi bai ƙaru da komai ba, kusan dalton 1 ne (ma'aunin nauyin ƙwayar zarra), amma cajin lantarkin arginin ya tafi, naɗin furotin ya sauya. A wasu mutane sai garkuwar jiki ta ɗauke shi baƙo ta far masa. Wannan faɗan ne gwajin ke kamawa. Shan taba da ciwon dasashi suna ƙara iza wutar.

To, inda daji ya shigo: shi ma yana taɓa kolajin, amma babban ma'aikacinsa a nan LOX ne, wani enzayim mai aiki da jan ƙarfe. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci cikin ƙari, sai LOX ya yawaita, ya riƙa ɗaure zaren kolajin da juna. Kun ga yadda majemi ke jeme fata da bagaruwa ta yi ƙwari? Kusan haka. Yana cikin dalilan da suka sa kullutun dajin nono ke da tauri a hannu.

Sai ku kula da aikinku. Ruwan jini ake so, a kwalba marar maganin hana daskarewa. A bar shi ya daskare kamar minti 30, a juya a injin juya jini, a raba. A firji digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Selsiyos na 'yan kwanaki, in zai daɗe sai digiri -20. Wutar nan tamu da ke zuwa tana tafiya, samfuri ya narke ya sake ƙanƙara, ita ke ɓata shi. Kuma mai tarin fuka kan iya fitowa da anti-CCP ba tare da amosanin gaɓɓai ba, don haka a tambayi matar ko tana tari kafin a kai wa likita sakamako.