Na ba da notis, sun ce in tafi a ranar: ina matsayin albashina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka. Na ba su notis na mako biyu cewa zan ajiye aiki, sai manaja ya ce in kwashe kayana a ranar. Za su biya ni makonnin biyu? Kuma zan iya neman tallafin marasa aiki?
Mai karatu daga Kalifoniya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kuɗin makonnin da ba ka yi ba, doka ba ta tilasta musu biya ba, sai in kwantiraginka ko ƙa'idojin kamfanin sun tanadi haka. Amma abin da ka riga ka yi wa gumi, tunda su suka ce ka tafi, a ranar ya kamata su biya ka, har da kuɗin kwanakin hutun da ka tara ba ka ci ba. In suka ja da gangan, kowace ranar jinkiri kana bin su ladan yini guda, har kwana 30. Ƙara kuwa ofishin Kwamishinan Ƙwadago na jihar ake kai ta.

Maganar tallafi ta fi sarƙaƙiya. Wanda ya ajiye aiki da kansa ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, galibi ba a ba shi. Sai dai a Kalifoniya, in kamfani ya katse notis ɗinka bai kuma biya ka ragowar kwanakin ba, hukumar EDD, mai kula da tallafin marasa aiki a jihar, tana ɗaukar abin a matsayin sallama, to kana da dama. In ya biya ka har ranar da ka sa, kai ka ajiye. Kada ka auna da abin da ya faru da wani a jihar Teksas: can notis ɗin da bai wuce mako biyu ba ana iya karɓarsa nan take, kuma ajiye aiki ne.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne wajen cike fom. Sai mutum ya rubuta "na ajiye" kawai, hukuma ta hana shi. Rubuta ranar da ka ba da notis, ranar da ka ce za ka tafi, da ranar da suka tsayar da kai. Adana kwafin takardar notis ɗin da duk saƙon manaja, domin za a tuntuɓi kamfanin a ji ta bakinsu.

Shigar da buƙatar a makon nan, don daga makon da ka nema ake fara lissafi, kuma makon farko ba a biyansa. In aka hana ka, kana da kwana 30 daga ranar da aka aiko da hukuncin ka ɗaukaka ƙara.