Idan Teku Ya Jefo Dolfin Kan Yashi

Tambaya: Malam, idan aka tarar da dolfin ko ƙaramin kifin wel, wato dabbobin teku masu kama da kifi, kwance a gaɓar teku da ransa, a tura shi ruwa ne?

Amsa: A'a, kada a yi gaggawa. Sau da yawa ciwo ko gajiya ne ya fito da shi, in an tura shi sai ya nitse ko ya sake dawowa. Dabba ce mai shayarwa, da huhu take numfashi ta kafar da ke saman kanta. Wannan kafa ita ce ransa: kada ruwa, yashi ko zane ya taɓa ta.

A fara kiran jami'an kula da dabbobin ruwa. Kafin su iso, a daidaita shi kan cikinsa, a haƙa ɗan rami ƙarƙashin kowane fiffiken gefe don kada nauyinsa ya danne su. Zafi ne babban abokin gaba, domin kitsen jikinsa yana riƙe ɗumi. A lulluɓe bayansa da jiƙaƙƙen zane marar nauyi, a bar fiffike a buɗe, a riƙa zuba ruwan teku a hankali, a yi masa inuwa.

Kada a ja shi ta wutsiya, ƙashin baya na iya gocewa, kuma bugun wutsiyar ɗaya na iya karya ƙafar mutum. A kori karnuka, jama'a su ja baya su yi shiru.