Karanta tambarin runduna a jikin Luger

Ka tambaye ni me haruffan nan "12.R.3.5." da ka gani a mariƙin bindigar hannun nan ta Jamus, Luger, suke nufi, da kuma yadda za ka gane ko na asali ne. Zauna, yaro, ka matso da fitila.

Wannan ita ce P08, wadda sojan ƙasa na Jamus suka ɗauka a 1908. Kamfanin DWM na Berlin ya ƙera ta, masana'antar gwamnati ta Erfurt ma ta ƙera. To amma tambarin da kake tambaya ba daga masana'anta ya fito ba. Maƙerin runduna ne ya buga shi bayan an raba bindigogi, galibi a gaban ƙarfen mariƙi, inda yatsu ke kamawa.

Daga hagu ake karantawa: runduna ta 12, R sojan ƙasa, kamfani na 3, bindiga ta 5, kuma lambar ƙarshe takan fi sauran ƙanƙanta. A na nufin igwar fagen daga, A.F. manyan igwa, P injiniyoyi, J kuwa Jäger, wato sojan ƙasa masu sauƙin kaya. D da H da U da K duk sojan doki ne. B a gaba Bavariya ke nan, wata masarauta a cikin Jamus, M.G. 'yan bindiga mai sarrafa kanta. Inda masu koyo ke faɗuwa shi ne R mai lanƙwasa kamar rubutun hannu. Wannan dakarun ajiya ne, ba R na yau da kullum ba, kuma bambancin yana taɓa farashi. In ka ga karkataccen layi, kamar "3./J.R.16.", ka fita zamanin Kaisa, wato sarkin Jamus, ka shiga bayan yaƙin duniya na farko, kuma J ɗin nan I ce, wato sojan ƙasa.

Kafin ka ɗauki madubi, sa lissafi. Kafin yaƙin 1914 rundunar sojan ƙasa kamfani 12 gare ta, ta doki rukuni 5, ta igwar fagen daga 6. Wanda ya kawo maka tambarin sojan doki da rukuni na 9, ka riga ka gama da shi. Sannan duba shekarar da aka buga a saman ɗakin harsashi. Tun 1910 ake buga ta, kuma tambari ba ya girme wa bindigarsa. Da yaƙi ya yi nisa aka rage buga tamburan nan sosai, don haka bindigar 1918 mai tambari tsaf-tsaf tana son kallo biyu.

Yanzu madubi mai ninka gani sau 10, ka karkata haske ta gefe. Harafi ɗaya-ɗaya aka buga da guduma, saboda haka na gaskiya ba ya miƙewa sak: wani ya nutse, wani ya ɗan karkace, ɗigo ya kauce. Jere mai kyau kamar na inji shi ke sa ni zargi. An buga ne bayan an rina ƙarfe shuɗi, to cikin haruffan ya kamata ka ga tsufa iri ɗaya da na kewaye, datti da ɗan jan tsatsa. Farin ƙarfe mai sheƙi a ciki, sabon bugu ne. Gefen haruffa ya mulmule kuma shuɗin ya cika ramin, an goge an sake rini. Shafa yatsa a wurin; in ka ji kwari, an ci tsohon tambari da magagari.

Tambarin da aka soke da alamun X aka buga wani kusa da shi, kada ka raina. Bindigar ta sauya runduna ne, ni kam na fi amincewa da irinta.

Tambari kaɗai ba ya sayar da bindiga. Lambobi biyu na ƙarshen lambarta ta masana'anta su bayyana a ƙananan sassa, har kunama da murfin gefe. Gidan harsashi na zamanin Kaisa gindinsa katako ne, na alminiyam daga baya ya zo.

Wajen tsafta, mai kaɗan da tsumma mai laushi sun isa, ban da sanfefa. In za ka cire katakon mariƙi na hagu, ɗaga shi a hankali daga ƙasa, don kusurwar da ke ƙarƙashin makullin tsaro nan take take ɓallewa. Kada ka ja kunama a banza, allurar da ke dukan harsashi ma lamba gare ta. Kuma duk tsufanta, a wurin hukuma bindiga ce: ka ga takardar izini kafin ta hau teburinka, sannan ka cire gidan harsashi, ka buɗe ta ka leƙa ciki da idonka.