Wata 14 da na yi da waya mai ninkewa a aljihuna

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce ka tara 'yan kuɗi kana son canza waya, ka ga irin mai ninkewar nan a hannun wani abokinka ranka ya biya, kana tambaya ko nan gaba can kowa zai koma, ko kuwa yayi ne da zai wuce. Na ga wasu sun ce maka ka saya kawai, wasu sun ce asarar kuɗi ce. Ni na riƙe ta wata 14, na ci daɗinta na kuma sha wuyarta, don haka ka yi haƙuri, bayanin nawa zai ɗan yi tsawo.

Sana'ata shadda da yadi ce a Kantin Kwari, kuma kusan rabin cinikina a waya nake yin sa. Mutumin Maraɗi ko na Agadas zai turo hoton zane ya ce irin wannan yake so, in ɗauki hoton abin da ke shago in tura masa, a yi ciniki ta saƙon murya, ya turo kuɗi, in kai kaya tasha. To da na sayi mai buɗewa kamar littafi, satin farko ji na yi kamar an faɗaɗa mini shago. In buɗe ta, hoton mai saye yana hagu, nawa yana dama, ina kallon ƙananan furannin da ke jikin shaddar ba sai na yi ta jan hoto da yatsu biyu ba. Ranar lissafi kuma, takardar bashi a gefe guda, manhajar banki a ɗaya gefen, ina bin suna ɗaya bayan ɗaya ina ganin wanda ya biya da wanda ya yi shiru. Da dare in zan yi tilawa, shafin Alƙur'ani yana fitowa cikakke, kusan girman ƙaramin mushafi, idona ba ya gajiya. Wannan daɗin gaskiya ne, duk wanda ya ce maka ba ta da amfanin komai bai riƙe ta ba ne.

Amma da ɗokin ya lafa, wajen wata na uku, sai na lura da wani abu. Yawancin abin da nake yi da waya a wuni, a ƙaramin sikirin na waje nake yin sa: amsa kira, sauraren saƙon murya, duba alat, tura lambar asusu. Kana cikin a-daidaita-sahu, hannu ɗaya na riƙe da leda, ba ka da hannu na biyun da za ka buɗe waya da shi. Wata rana sai la'asar ta yi ban buɗe ta ko sau ɗaya ba. Wato na biya kuɗin waya biyu, ina amfani da ɗaya da 'yan kai. Ga nauyi kuma. In na sa ta a aljihun gaba na kaftani, sai wuyan rigar ya karkace gefe guda, har maiɗakina ta fara tsokanata wai bulo na ɗauko. Batir ma babban sikirin na shan sa kamar ruwa, kuma ka san halin wuta a wajenmu. Fawa banki ya zama abokin tafiya dole.

Abin da ya kayar da ni kuwa hunturu ne. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ta hannu na saya, ban san irin wuyar da ta sha a wajen mai ita na farko ba. Da ƙura ta sauko sosai, sai na fara jin wani ƙaras-ƙaras duk lokacin da na buɗe ta, kamar kana tauna shinkafa ka ci karo da tsakuwa. Bayan 'yan makonni ta daina miƙewa sarai, sai ta tsaya da ɗan lanƙwasa. Sannan ledar da ke kan sikirin na ciki ta fara ɗagowa daidai kan layin ninki. Wata safiya da sanyi na buɗe ta, sai ga wani baƙin ɗigo a tsakiya kamar an ɗiga tawada, kafin azahar ya zama layi daga sama har ƙasa, rabin sikirin ya daina jin yatsa.

Na kai ta wajen mai gyarana a kasuwar waya ta Farm Centre, yaron da in ka kai masa waya ta yau da kullum da fasasshen gilashi, kafin ka gama shan lemo ya canza maka. Ya juya ta, ya buɗe, ya rufe, ya kanga ta a kunne ya sake buɗewa, ya ce, "Alhaji, hinjin ne, wato mahaɗin da take ninkuwa a kansa, ya ci ƙasa. Kuma wannan sikirin ba a cire shi shi kaɗai, da jikinsa da hinjinsa yake zuwa, sai dai a yi oda." Da ya faɗi kuɗin sai da na nemi kujera. Abin da ya kira zai sayi sabuwar Android mai kyau a kwali, har a samu canjin data. Mako uku na yi ina jira, na koma kan tsohuwar wayata da wata 'yar rakani-kashi, kuma abin mamaki ciniki bai tsaya ba ko na kwana ɗaya.

Wannan matsala ta ƙura tun haihuwar wayoyin take tare da su. A 2019, da Samsung ya raba Galaxy Fold ta farko ga 'yan jarida su gwada, cikin 'yan kwanaki wasu suka lalace: wasu sun ɓare ledar saman sikirin suna zaton irin wadda ake cirewa ce a sabuwar waya, wasu kuma tarkace ya shige ta wajen hinji. Dole aka ɗage fitar da ita daga watan Afrilu zuwa Satumba, ga farashi dala 1,980. Dalilin a bayyane yake. Gilashi mai tauri ba ya lanƙwasuwa, don haka na ciki siriri ne ƙwarai da leda a samansa, har farce yana iya yi masa tabo. Hinjin kuma ƙananan ƙarafa ne masu motsi, duk abin da ke motsi kuwa sai an bar masa 'yar kafa, ita kuma ƙura kafa take nema.

Ka koyi karanta lambar nan ta IP da suke rubutawa a jikin kwali, za ta yi maka amfani. Lamba ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. Galaxy Z Fold3 ta 2021 IPX8 ce: tana jure ruwa, amma X ɗin nan yana nufin ba a ba ta wani matsayi kan ƙura ba. A 2024 Fold6 ta zo da IP48, lamba 4 kuwa tana nufin kariya daga abin da ya wuce milimita 1 a girma. To ƙurar hunturun da ke shiga ɗaki ko an rufe taga, ta kwanta a kan faranti kamar hoda, ina ruwanta da milimita 1? Lamba 6 ce ke nufin ƙura ba ta shiga sam. Wayoyin yau da kullum masu tsada sun daɗe da samun IP68, amma a cikin masu ninkewa sai a 2025 Google ya kawo ta a Pixel 10 Pro Fold. Haka ma in ka ji an ce an gwada ninke waya sau 200,000, wanda in kana buɗewa sau 100 a rana ya haura shekara biyar, ka tuna inji ne ya yi ninkin a ɗaki mai tsabta, ba a bakin titin Kwari ba a watan Janairu.

Game da makoma da ka tambaya, ni ban ɗauke ta yayin banza ba, domin gyaran da ake yi kowace shekara na gaske ne. Fold7 da ta fito a 2025 kaurinta a rufe milimita 8.9 ne, nauyinta giram 215, wato ta kamo wayoyin da muka saba da su. Ƙorafina na bulo a aljihu ya kusa zama tarihi. Huawei ma a 2024 ya fito da Mate XT mai ninki biyu da fuska uku, in ta buɗe ta kai inci 10.2, ƙaramar kwamfutar hannu ke nan. Sai dai sirantar ba kyauta take zuwa ba, don a Fold7 ɗin an cire damar rubutu da alƙalamin S Pen. Kuma ba kowa ne ya shiga kasuwar ya fita lafiya ba: Royole na China, wanda ya riga kowa da FlexPai a 2018, ya durƙushe. Apple kuwa tun daga 2019 har ƙarshen 2025 bai fitar da ko guda ba, yana gefe yana kallo.

Abin da ya fi shafar mu shi ne shigowar Tecno da Phantom V Fold da V Flip a 2023, sai Infinix da Zero Flip a 2024. Su biyun da itel duk 'ya'yan kamfanin Transsion ne, wanda wayoyinsa suka cika hannun mutanenmu, kuma ya samu karɓuwa ne da abubuwan da talaka ke nema: layi biyu, batir mai daɗewa, kayan gyara a kowace kasuwa. A nan nake ganin za a yanke hukuncin. Ranar da yaron Farm Centre zai jawo durowa ya ciro sikirin mai ninkewa kamar yadda yake ciro na sauran wayoyi, ya sa maka kana zaune, kuɗin bai wuce abin da za ka iya biya ba tare da ka ci bashi ba, to ranar wayar ta zama ta jama'a. Kafin nan ta masu hali ce da masu wata buƙata ta musamman. Ko a lokacin ma ban ga alamar za ta kori wayar da muka sani ba. Mai POS da ɗan acaɓa da uwar gida mai sayar da kaya a WhatsApp, abin da suke nema caji ya kai dare, waya ta faɗi a ɗauka a kakkaɓe a ci gaba. Tun da aka saki naira a 2023 kuɗin waya ya yi tashin gwauron zabo, a farkon 2025 kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Mutumin da ke lissafin megabait ba girman sikirin ne damuwarsa ba.

Af, kada in manta da ƙaramar, mai rufewa kamar gidan hoda, wadda ke tuna wa mutum Motorola Razr ta zamanin 2004. Ita ba ta ƙara maka faɗin komai, gajarta kawai take yi a aljihu. Kyakkyawa ce, amma hinji da ledar nan duk tana da su, batirinta kuma ƙarami.

To ni shawarata, ka duba wuninka na jiya. In ka yi awa biyu ko uku kana karanta takardu, ko kana haɗa lissafi, ko kana kwatanta hotuna, kuma in sikirin ya mutu gobe za ka iya gyarawa ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba, saya, za ka more ta. In kira ne da WhatsApp da TikTok, kallon kitse kake wa rogo; sayi mai kyau ta yau da kullum da rabin kuɗin, ka bar ragowar a jari. In kuma ka dage, ka sayi sabuwa mai garanti, ka tambayi mai shago tun kafin ka biya ko garantin ya haɗa da sikirin na ciki, da kuma inda ake kai ta in ta samu matsala. Ta hannu kuwa, ka buɗe ta a hankali kusa da kunnenka ka saurara, ka ɗora ta a tebur ka ga ko ta miƙe sarai, ka sa farin shafi ka ƙura wa layin ninkin ido. Kada ka ɓare ledar ciki da kanka ko ta ɗago, kuma kada ka haɗa ta aljihu ɗaya da makulli ko goro.

Tawa dai bayan gyara na sayar da ita da faɗuwa, na koma mai fuska ɗaya. Ranar lissafin ƙarshen wata ne kawai nake kewarta, in na ga kaina ina tsalle daga banki zuwa takardar bashi ina manta lambar da na gani. In kana Kano ka leƙo Kwari, maƙwabcina yana riƙe da irinta, sai ka riƙe ta a hannunka ka sa a aljihu ka ji kafin ka fitar da kuɗinka.